Asibitin da ake jinya kuma ake koyon likitanci

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke tsananta, ɗakin yara na babban asibiti a Maraɗi yakan cika maƙil. Uwaye suna zuwa daga Dakoro, Tasawa, Madarunfa da Gidan Rumji da yara a goye, wasu zazzaɓi ya shanye musu jini, wasu kuma tamowa ta haɗu musu da zazzaɓin. Yawancinsu sun fara ne daga ƙaramin asibitin ƙauye zuwa na gunduma, sai da abin ya gagara aka ba su takardar zuwa birni.

Waɗanda nake ganin ba a cika yabawa ba su ne ɗaliban likitanci na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, masu bin malamansu zagayen safe. Wasu majinyata suna ƙorafin cewa ana koyo a jikinsu, kuma na fahimci wannan fargaba. Sai dai ɗalibin da ya buɗe fatar idon yaro ya ga ta yi fari fat, ya tambayi uwar da Hausa yaushe jikin ya fara zafi, sannan ya nemi a gwada jini a gaban malaminsa, shi ne gobe zai iya riƙe asibitin gunduma inda likita ɗaya ke duba jama'a masu ɗimbin yawa.

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da na tiyatar haihuwa, amma jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu yakan sa magani ya yanke, iyali su koma saye a waje. Ƙarin jini kuwa galibi sai dangi sun miƙa hannu an ɗiba.