Jita ɗaya, murya biyu

Daren jiya tsoffin faya-fayen ƙungiyar kiɗan rock ta Van Halen suka hana ni barci. Mai kaɗa musu jita, Eddie Van Halen, wallahi Allah ya yi masa baiwa. Yatsun hannu biyu duk kan wuyan jita suke rawa, amma sautin na fita da ɗumi da kauri, ba ya sukar kunne. Lokacin da David Lee Roth ke musu waƙa, jita da murya kamar kokawa suke, kowa na son ya fi. Da mawaƙi Sammy Hagar ya karɓa daga Roth a 1985, sai Eddie ya sassauta, ya bar wa waƙa fili. Ni dai zamanin Roth na fi so, nesa ba kusa ba.

Wani makaɗin jitar, Ritchie Blackmore, kuwa sautinsa siriri ne mai kaifi, shi ya sa kakkaurar muryar Ronnie James Dio ta zauna masa daram a ƙungiyarsu ta Rainbow.