Godiya bayan Layya, daga wani tela a Bukoki

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Yau kwana biyu da Layya, hayaƙi ya lafa a Yamai, gidana kuma sai ƙanshin soye yake, alhali bana ko kaza ban yanka ba. Abin da ya sa na ɗauki waya ke nan.

Ranar 19 ga Maris 2020 da aka ce an samu mutum na farko mai korona a Nijar, ina cikin masu cewa ciwon Turawa ne, zafin Yamai kaɗai ya ishe shi. Allah ya yafe mini. Kafin a kama azumi zazzaɓi ya kayar da ni, tari ya hana ni barci, aka gwada aka ce ita ce, aka killace ni. Lokacin masallatai a rufe, dokar hana fita tana somawa tun ƙarfe 7 na yamma, an tsare ƙofofin gari ba shiga ba fita. Inna tana Tawa tana kuka a waya, ta so tahowa, babu hanya.

Ciwon bai daɗe ba, gudun da mutane suka yi mini shi ya daɗe. Azumi shi ne kakar tela, amma masu shadda a wurina sai suka riƙa aiko yara su karɓe ta ba a ɗinka ba. Yaro zai tsaya can bakin titi ya miƙo leda, kamar mai ba kura nama. Ban riƙe kowa a zuciya ba, da ni ne ma ƙila haka zan yi. Ƙaramar Sallah ta zo, kaya uku kacal na ɗinka.

Godiya ta tabbata ga Allah. Bayan haka ina gode wa wata ma'aikaciyar jinya da ban taɓa ganin fuskarta ba, idanu kawai, wadda kullum da asuba take cewa, "Baba, yau ma ka fi jiya." Ina gode wa maiɗakina, da ta sayar da ƴan kunnenta ba ta gaya mini ba sai da na lura da kunnen. Maƙwabcina mai faci, kai ne kake aje kunu da ƙosai a ƙofarmu kafin dokar ta soma, ka buga sau biyu ka wuce. Maigidan da nake haya ya yafe mini wata uku, ko godiyar bai tsaya ji ba. Yarona na shago kuwa shi ya kawo dabarar mu ɗinka takunkumi da ragowar ƙyalle, dala ashirin-ashirin. Na raina sana'ar, ga shi ita ta ciyar da mu.

Sai Malam liman. Da aka buɗe masallatai a tsakiyar Mayu, na je na tsaya can baya ni kaɗai, kowa yana kauce mini. Ana idar da salla ya kira ni gaban jama'a, ya miƙo yadi ya ce, "Malam tela, zo ka auna ni yanzu." Nan na ciro tef hannuna yana rawa. Washegari mutum huɗu suka kawo ɗinki. Malam, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa.

Ana saura kwana uku Sallah na je kasuwar dabbobi ta Turaku, na taya rago, na ji kuɗi, na dawo gida shiru. Ranar Juma'a unguwa ta cika da raguna a miƙe kan sanduna kewaye da wuta, ƴaƴana suna zaune bakin ƙofa suna kallo, ni kuma na shige ɗaki. Jiya, ranar rabon nama, tun hantsi aka soma sallama. Maiɗakina ta ƙirga kwano goma sha ɗaya. Ɗaya daga gidan Hajiyar da ta fara karɓe shaddarta ya fito, cinya guda, da saƙon cewa in yi haƙuri. Hajiya, ya wuce.

Waɗanda cutar nan ta ɗauka, Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Inna tana tahowa daga Tawa ranar Laraba in Allah ya yarda, mun ɓoye mata rabonta cikin kitse.

Wanda ya aiko kwano mai shuɗin murfi, yaron ya ruga kafin mu tambaye shi daga ina. An wanke kwanon yana nan shago, don Allah a zo a ɗauka, ina so in ga fuskar mai shi.