Tebur ko tukunya: yadda muka koyi girki a bayan mota

Kuɗin da ke hannuna a watan Disamba na 2023 ba za su sayi abu biyu ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun waccan shekarar, duk tafiyar da mutum zai yi daga Kaduna tankin mota ne ke fara ɗaukar rabonsa, abin da ya rage shi ake lissafi da shi. Ni kuwa na riga na yi wa yara alkawarin cewa da an yi hutu za mu je gonar Kawu a gefen Zariya mu kwana biyu, ba a cikin gida ba, a fili, mu da motarmu. Tsohuwar Sienna ce. Idan aka kwantar da kujerun baya aka shimfiɗa katifa, uwargida da ƙananan yara biyu za su kwana a ciki, ni da babban yaron kuma mu ɗaura tampol a jikin motar mu shiga gidan sauro.

Kada wani ya ɗauka daji muke shiga. Na daɗe ina sha'awar ganin gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari, amma a shekarun nan ba mai ɗaukar iyalinsa ya nufi can. Gonar Kawu a manne take da ƙauye, ana jin kiran salla daga cikinta, ana hango Dutsen Kufena daga nesa. Kafin mu je sai da Kawu ya shaida wa mai unguwa da 'yan sintiri. Tafiyar kimanin kilomita 80 ce, mu fita ta Kawo da hantsi, mu isa kafin azahar. Ba ma tafiyar dare, zuwa ko dawowa.

Katifa muna da ita, tabarma da bargo da fitila mai caji duk akwai. Abu biyu suka rage: teburin da ake naɗewa, da kayan girki na tafiya. Na kwana biyu ina juya maganar. Bidiyoyin da nake kallo a YouTube na mutanen Amurka da Ostareliya masu kwana a mota, babu wanda ba shi da tebur. A kansa suke ɗora abin girki, a kansa suke yanka albasa, a kansa suke ci. Sai na ce a raina, ai tukwane muna da su cike da kicin, risho ma akwai wanda muka ajiye tun da muka koma gas, tebur ne kawai babu. Lissafin ya yi mini daidai, na shiga kasuwa na sayo tebur mai ƙafafun alminiyam, tsayinsa ya kai ƙugu.

Da na kawo shi gida uwargida ta buɗe shi, ta girgiza shi da hannu ɗaya, ta ce, "Malam, tukwanen nan fa na gida ne, ba na hanya ba." Ban gane abin da take nufi ba sai da muka wuce Jaji.

Tukunyar gida ba ta san zama a mota ba. Kowace da girmanta, wata mai dogon hannu, wata murfinta na gilashi, ba wadda ke shiga cikin 'yar'uwarta. Mun zuba su a buhu, duk ramin da muka faɗa sai sun amsa. Wannan ƙara ce kawai, ana iya haƙuri da ita. Wanda ba a iya haƙuri da shi shi ne risho. Na tabbata na ɗaure shi, amma kananzir ba ya buƙatar ƙofa babba. Kafin mu isa ya jiƙa gefen buhun, warinsa ya kama ledar shinkafa da burodin yara. Shinkafar nan ko an wanke ta sau nawa warin yana nan. Da garin masara da kuka ba a cikin bokiti mai murfi suke ba, da ranar sai mun koma cikin gida neman abinci.

An riga an girbe dawa, gonar ta zama fili, amma kunyoyin suna nan. Duk inda na kafa teburin sai ƙafa ɗaya ta tsaya a sama. Na tura dutse, na tura tsinken kara, ya ɗan zauna. Na ɗora risho a kai na kunna. A nan iskar hunturu ta nuna mini abin da bidiyo bai nuna ba. A ƙasa iska tana da sauƙi, kunya da kara da tayar mota duk suna rage mata ƙarfi. A tsayin ƙugu kuwa babu abin da ke tare ta. Wutar ta riƙa kwantawa gefe guda, tana lasar gefen tukunya maimakon gindinta, lagwani yana hayaƙi. Ruwan da a gida kafin ka gama yanka albasa ya tafasa, muka yi ta jira har aka kira la'asar. Ga yara suna zagaye teburin da gudu, ga tukunyar ruwan zafi daidai fuskar ƙaramar. Ban taɓa jin gabana ya faɗi a kan abin girki kamar ranar ba.

Da ruwa ya tafasa aka yi talge, uwargida ta ɗauki muciya ta tsaya tana kallon teburin. Ta ce, "Malam, a tsaye zan tuƙa?" Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai tuƙa tuwo ya san aikin ƙarfi ne. Ana zama a kujera 'yar tsugunno, a dafe tukunya da tsumma, a danna muciya da ƙarfin kafaɗa, tukunyar kuma tana zaune a kan abin da ba ya motsi. Teburin da aka yi don kofin shayi da faranti ba zai ɗauki wannan ba. Ta gwada sau ɗaya, ƙafafun suka yi rawa, ta sauke tukunyar ƙasa.

Inna, matar Kawu, ta zo yi mana sannu da zuwa ta tarar da mu a haka. Ba ta ce komai ba. Ta aiki babban yaron ya kawo duwatsu uku, ta jera su a kwarin kunya inda motar ta tare iska, ta share busasshiyar ciyawar da ke kewaye har ƙasa ta fito, ta karya kara ta hura wuta. Kafin magariba an kwashe tuwo an kaɗa miyar kuka. Kawu da ya iso ya dubi teburin, ya dubi murhun, ya ce, "Ɗana, wuta ƙasa take so."

A kan tabarma muka ci, kwano ɗaya ni da Kawu da yaron, ɗaya Inna da uwargida da ƙananan. Ba wanda ya tuna da tebur, kuma ba don an yi fushi da shi ba. A gida ma a ƙasa muke ci. Na sayi abu ne don irin zaman da ba namu ba. Mutanen da nake kallo suna tafiya da kujeru, girkinsu suyar ƙwai ne da gasa nama, cin abincinsu da cokali da wuƙa, dole su nemi tebur. Mu da tabarma ta riga ta zama mana wurin ci da wurin hira da wurin salla, abin da muka rasa shi ne wutar da za ta tsaya da tukunyar da za ta jure hanya.

Asubar farko ta ƙara tabbatar mini. Sanyin Zariya a Disamba sai wanda ya kwana a fili zai ba da labarinsa. Ruwan jarka ya yi sanyin da hannu ba ya son taɓawa, ga alwala, ga yara na neman shayi. Da ina da abin da zan kunna nan take in ɗora butar shayi, da cikin 'yan mintuna an gama. Sai ga ni ina hura karan da raɓa ta taɓa, cikin duhu, hayaƙi na shiga mini ido. Teburin yana jingine a jikin mota, ƙura ta rufe shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka shekarar da ta biyo baya a hankali na riƙa tara kaya, wannan karon uwargida ce ke zaɓe. Ta ɗauki tukwane biyu masu kaurin gindi da gajerun kunnuwa, ƙaramar tana shiga cikin babbar, murafansu na ƙarfe. Kaurin yana da dalili: a fili wuta ba ta daidaita, tukunya mai sirara sai ta ƙone abinci a gefe guda ɗaya gefen bai dahu ba. Ta ƙara da butar shayi, ƙaramin kasko, muciya, ludayi, mara, wuƙa mai kube, da tire babba guda ɗaya. Ba mu ƙara komai a kan wannan ba.

Wajen gas mun ɗan yi gardama. Ni na fi son silinda mai kilo 6 wadda ake ɗaura mata kan girki a bisa, irin ta ɗalibai, don ba ta cin wuri. Ita ta ce matsalar tebur ce za ta dawo: tukunya a sama, gindi siriri, da an danna muciya sai ta kife. Gaskiyarta. Muka sayi silindar, amma da kan girki mai ido ɗaya wanda ake ajiyewa a ƙasa a haɗa shi da tiyo. Silinda tana gefe, wuta tana ƙasa.

Sauran aikin a Panteka aka yi shi. Wanda bai san Kaduna ba, wannan ita ce kasuwar maƙera da masu walda da kafintoci, inda in ka iya kwatanta abu da baki za a ƙera maka shi. Na kai wa wani dattijo tukwanen na ce ina son akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, wanda zai ɗauke su duka har da kan girkin, murfinsa shafaffe ba mai tudu ba. Ya auna da igiya, ya tambaye ni, "Alhaji, a mota za a riƙa sa shi?" Da na ce e, sai ya ce zai sa hannu biyu a gefe maimakon ɗaya a gaba, don mutum biyu su iya ɗauka. Na kuma sa ya yanko falle uku na kwanon rufi, tsayin kamu biyu, ya haɗa su yadda za su riƙa naɗewa kamar littafi, ya lanƙwashe bakinsu kada su yanki hannu. Wannan shi ne katangar iska. Cikin duk abin da na saya ba wanda ya kai shi araha, kuma ba wanda ya kai shi rage mana ɓarnar gas.

A Disambar 2024 muka koma. Kowace tukunya an naɗe ta da tsumma, ba ƙara ko ɗaya a hanya. Da aka sauke akwatin aka kwashe kayan ciki, sai murfinsa ya zama wurin ɗora tire a yanka albasa da tumatir, daidai hannun wanda ke zaune a 'yar tsugunno, sama da inda tururuwa ke bi. Ashe teburin da muke buƙata tsayinsa bai wuce gwiwa ba. Daren farko tuwo, da safe ɗumame da shayi, da rana dafa-duka. Ruwan alwala ya yi ɗumi kafin ladan ya gama kiran farko.

Akwai abubuwan da ba na wasa da su a kan wutar nan, kuma ina roƙon duk mai niyyar irin wannan tafiya ya riƙe su. Silinda a tsaye take tafiya, a ɗaure, a rufe, kuma ba na barin ta cikin mota a kulle da rana. Duk sanda na haɗa tiyo sai na shafa ruwan sabulu a mahaɗar, in ya yi kumfa to yana yoyo. Katangar iska kan girki kawai take kewayewa, ba a haɗa da silinda, don kada zafi ya taru a jikinta. Ba a girki a cikin mota ko da ƙofar baya a buɗe take. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne gawayi: idan sanyi ya tsananta zuciya takan raya wa mutum ya shigo da kurfoti kusa da masu barci. Gawayi yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, a rufaffen wuri tana kashe mutum yana barci. Gara a ƙara bargo. Sannan ciyawar hunturu kamar fetur take, a share wuri kafin a kunna wuta, a ajiye ruwa kusa. Ruwan ma a lissafa shi a nauyin kaya, jarka mai lita 25 kilo 25 ce, mu jarkoki biyu muke ɗauka.

Ban ce tebur ba shi da ranarsa ba. Wanda zai fita da damina, ƙasa ta zama taɓo, zai so abin da zai ɗaga kayansa sama. Mai Hilux kuma ya riga ya samu nasa, ƙofar bodi in an sauke ta tebur ce. Wanda kwana ɗaya kawai zai yi kusa da gari, kula da filas sun ishe shi, ba sai ya sayi ko ɗaya ba. Namu teburin yanzu yana falo, yara na aikin makaranta a kansa, kuma ya dace da wannan aikin sosai.

Bana Hajiya, mahaifiyata, ta ce da ita za a je, ta daɗe ba ta ga ƙaninta ba, tana kuma son ta sha iskar gona. Gwiwoyinta sun kai shekara uku ba sa barin ta zauna a ƙasa, salla ma a kujera take yi. Na auna bayan motar jiya: akwati da silinda da jarkoki biyu sun cinye wurin. Teburin da kujerarta a saman mota za su tafi, na riga na sayo igiya.