Godiya bayan fitowar sakamako

Alhamdulillahi, sakamakon hoton ya fito, babu ƙari a kai, jijiyar kunnen ma lafiya lau. Ƙarar da nake ji a kunne dai tana nan, amma na fara samun barci. Masu kira da masu turo saƙo, ku yi mini afuwa, gajiya ce ta hana ni bin ku ɗaya bayan ɗaya.

Daren da na tashi maiɗakina na ce mata, "Don Allah, kina jin wannan shiii ɗin?" shi ne ba zan manta ba. Ta kasa kunne, ta ce ita ba ta jin komai. Wallahi a nan na ɗauka kaina ne ya taɓu. Ba ta yi dariya ba, ba ta ce in koma in kwanta ba. Tashi ta yi ta kunna fanka, ta zauna gefena har gari ya waye. Ashe dabara ce, don likita ya ce shiru ne ke ƙara fito da ƙarar, ɗan sauti a ɗaki kuwa yana danne ta. Allah ya saka miki da Aljanna.

Likitan kunne ma ya sha tambayoyina bai ƙosa ba. Ya ce ƙwayoyin da ke ɗaukar sauti can cikin kunne ne hayaniya mai ƙarfi ta lalata, ba sa sake tsirowa, sai ƙwaƙwalwa ta riƙa cike gurbin da sautin da babu shi a waje. Tsufa, dauɗar kunne da wasu magunguna duk suna jawo irin wannan ƙarar. Da ya ce wani bincike na 2022 ya ƙiyasta manya sama da miliyan 740 ke fama da ita a duniya, kusan 14 cikin 100, sai na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Ya kuma ja kunne: wanda tasa ke kunne ɗaya, ko take bugawa tare da zuciya, ko jinsa ya ɗauke kwatsam, kada ya jira.

Yaya, na san ba ka so a ambace ka, amma kai ka yi ta jigila da ni. Allah ya raya maka zuri'a, ya buɗa maka ta inda ba ka zato. Waɗanda suka ce ai wannan ba ciwo ba ne, ko waya ba su ɗaga ba, ba komai, Allah kada ya ɗanɗana musu.

Saura gwajin na'urar ji a wata mai zuwa, a ci gaba da sa ni a addu'a.