Kuɗi kawai na iya turawa

Baba ya rasu bayan ƙaramar sallah, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Shekara tamanin da ɗoriya a duniya, kusan talatin daga ciki da ciwon suga ya yi su. Tun da aka share makoki nake son yin magana da ku samarin da kuka bar iyaye a ƙauye kuka tafi birni nema, don ni na tafka kurakurai a kansa kuma wallahi ba na so ku bi sawuna.

Mu 'yan wani ƙauye ne a gefen Gumel. Baba manomi ne, gero da wake da riɗi, ranar Alhamis kuma yana kasuwar Maigatari yana dillancin awaki. 'Yan shekaru bayan an ƙirƙiro Jigawa a 1991 ciwon ya bayyana, ina firamare lokacin, abin da na riƙe kawai shi ne yadda yake kwankwaɗar ruwa ba ya ƙoshi, ya tashi fitsari sau biyar cikin dare, ga rama, har aka fara raɗe-raɗin sammu ne, sai da wani malamin asibiti ya matsa aka gwada jininsa. Daga ranar bai ƙara sa sukari a koko ba. Tuwo malmala ɗaya, kwaɗon zogale ko rama a gefe, gona kuma a ƙafa yake zuwa. Da wannan jikin ya riƙe mu tara da marayun ƙaninsa uku, kuma ban taɓa ganin ya sa hannu a kwano bai tambayi Inna ko yara sun ci ba.

To ni fa? Na samu rumfa a Kantin Kwari, kuɗi suka ɗan shigo, sai na ɗauka kula da uba shi ne in tura ta POS in kira in ce Baba an gani? Shi kenan. Ciwon da yake fama da shi ban taɓa zama na koyi komai a kansa ba.

Ku ji wauta. Duk zuwana gida tsarabata katan ɗin lemo ne da burodi mai zaƙi. Ya yi ta sa albarka ya raba wa jikoki, ni kuma ina jin haushi a raina wai bai yaba ba. Rannan don kar in ji kunya a gaban baƙi ya shanye kwalba guda, daren nan Inna ba ta runtsa ba. Wannan ma mai sauƙi ne. Babban shi ne ranar da na ji mai maganin gargajiya a mota da lasifika yana rantsuwa garinsa yana raba mutum da suga har abada, na saya jarka biyu na kai, na ce Baba ka huta da ƙwayar bature haka. Ya ce to, tunda kai ka kawo. Wata biyu ya ajiye metformin ɗinsa saboda maganata. Da aka gwada shi a asibiti na'urar ta haura 400, alhali mutum in bai karya ba ya kai 126 ma an ce yana da ciwon. Daga nan aka mayar da shi kan allurar insulin. Dan Allah ku ji da kyau, ciwon suga lallaɓa shi ake yi, duk wanda ya ce muku zai cire shi cikin sati biyu aljihunku yake so.

Wadda ta riƙe Baba da gaske Yayata ce, da take aure a garin, ba ta da ko sisi. Ita ta koyi yin allurar. Insulin ba ya son zafi, mu kuma ba wuta balle firji, sai ta sa kwalbar a ƙaramin gwangwani ta binne a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Ita ta san in ya fara gumi da karkarwa yana magana a harɗe to sugan ne ya faɗi ƙasa da 70, a ba shi abu mai zaƙi maza, shi ya sa kullum akwai dabino a aljihun rigarsa. Ni da nake ganin ni ne mai hidima ban san ko ɗaya ba.

Sai maganar ƙafa, wadda har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya taka ƙaya bai ji ba, ciwo kuma ba ya saurin warkewa. Wani hunturu na je na kwana biyu, na ga yana ɗan ɗingishi, ya ce faso ne kawai, na ce Allah ya sawwaƙe na kama hanyar Kano. Da na durƙusa minti ɗaya na cire masa takalmi na duba da na ga abin. Sati uku bayan nan aka yanke masa yatsu biyu. In kuna da mai suga a gida, ku duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, ku shafa masa mai a dunduniya, kar ku bari ya fita ba takalmi, kuma kar ku yarda da ba komai ɗin dattijo, su ba sa faɗa.

Ba sa faɗa kam. Bayan cire tallafin mai a 2023 magani ya yi tsada, ni ina tura abin da na saba, ashe ba ya isa, shi kuma sai ya riƙa rage allurar don ta kai wata, ragowar kuɗin ya sai wa marayun nan littafi. A wajen zaman makoki Yaya ta faɗa min. Ku riƙa tambayar nawa magani yake yanzu, ku ce a turo muku hoton kwalbar ku ga saura nawa. Ku ma ku je a gwada ku, abin yana bin jini, ni na yi nawa watan jiya.

Da aka zo rabon kayansa na ce ni rigar da yake zuwa Maigatari da ita nake so. Na sa hannu a aljihu na tarar da dabino uku, sun bushe. Suna nan cikin durowar rumfata.