Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Farfesa Arakawa da Lezar Ɗigon Kwantam

A makon jiya na tsaya a daidai lokacin da na kammala koyon harshen Japan, aka miƙa ni ga sashen injiniyan lantarki na jami'ar da aka tura ni a ƙarƙashin tallafin karatu na gwamnatin ƙasar, a shekarar 2003. Yau zan yi bayani a kan fannin da ya zama sana'ata, da kuma mutumin da ya buɗe ƙofarsa, wato Farfesa Yasuhiko Arakawa na Jami'ar Tokyo. Ban yi karatu a gabansa ba, jami'armu ma ba a Tokyo take ba, amma duk wanda ya shiga wannan fanni ɗalibinsa ne ta hanyar rubuce-rubucensa.

Aikin farko da malamina, wanda kowa a ɗakin bincike yake kira Sensei, ya ɗora mini shi ne in karanta wata maƙala mai shafi uku kacal da Arakawa da Hiroyuki Sakaki suka wallafa a mujallar Applied Physics Letters a 1982, sa'an nan in tsaya gaban sauran ɗalibai in warware musu ita a kan allo. Ba za a gane nauyin maƙalar ba sai an san matsalar da ta zo magancewa. Lezar semikondakta ƙaramar na'ura ce da tsawonta sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba, kuma ita ce ke harba haske cikin igiyoyin gilashin da saƙonnin intanet da na tarho ke bi. An fara ƙera ta a 1962, a 1970 kuma aka samu ta yi aiki ba tsayawa a yanayin ɗaki. Sai dai tana da babban rauni, shi ne zafi. Akwai gwargwadon wutar lantarkin da dole a ba ta kafin ta fara fitar da haske, kuma da zarar jikinta ya ɗumama sai wannan gwargwado ya hau, hasken ya ragu, har ya zama tilas a haɗa mata abin sanyayawa wanda shi ma wuta yake ci. Dalilin haka shi ne zafi yana warwatsa ilektaron a kan matakan makamashi masu yawa, alhali waɗanda ke kan mataki guda ne kaɗai suke haifar da hasken da ake nema.

Abin da Arakawa da Sakaki suka nuna da lissafi shi ne, idan aka tsare ilektaron ta kowane ɓangare a cikin wani ɗan wuri da faɗinsa bai wuce nanomita goma ko ashirin ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), matakan makamashinsa za su rabu da juna nesa-nesa yadda suke a cikin ƙwayar zarra, zafi kuma ya rasa inda zai warwatsa shi. Lezar da aka gina da irin waɗannan wurare, waɗanda daga baya aka sa wa suna ɗigon kwantam, ba za ta damu da sauyin zafi ba. A lokacin babu mai iya ƙera su a duniya. Saboda haka suka ɗauki leza ta yau da kullum suka sa ta cikin maganaɗisu mai ƙarfin tesla 30, wanda ke takura tafiyar ilektaron ta ɓangarori biyu, suka kuwa ga juriyarta ga zafi ta ƙaru. Wannan dabara ta fi lissafin burge ni, domin mutum ne ya rasa kayan aikin da zai gwada tunaninsa, bai naɗe hannu ba, ya nemi wata hanyar da za ta ba shi rabin amsa. An haife shi a 1952, ya samu digirin digirgir a 1980, ke nan bai cika shekara 30 ba sa'ad da maƙalar ta fito.

Daga nan sai jira ya biyo baya, na shekara 12. Masu bincike sun yi ta ƙoƙarin sassaƙa ɗigon daga siraran shimfiɗu na semikondakta, amma sassaƙar tana lalata gefunansu, hasken da suke bayarwa ya zama bai taka kara ya karya ba, har mutane da yawa suka yanke ƙauna. A cikin waɗannan shekaru Arakawa ya je jami'ar Caltech a Amurka daga 1984 zuwa 1986, inda ya yi aiki da Amnon Yariv, a 1992 kuma ya shiga cikin binciken da Claude Weisbuch ya jagoranta wanda ya nuna yadda haske da ilektaron ke haɗewa cikin ƙaramin rami tsakanin madubai biyu, ya zama cikakken farfesa a 1993. Duk da haka bai saki maganar ɗigo ba.

Mafita ta zo ne daga abin da masu shuka kiristal suka daɗe suna ɗauka aibi. Indiyam asanaid da galiyam asanaid nau'o'in semikondakta ne, kuma tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin na farko ta fi ta na biyu da kusan kashi 7 cikin 100, don haka idan aka shimfiɗa na farko a kan na biyu, kafin kaurinsa ya kai shimfiɗa biyu na ƙwayoyin zarra sai matsin ya yi masa yawa ya dunƙule da kansa ya zama ƙananan tsibirai, kamar yadda ruwa ke dunƙulewa a kan faranti mai maiƙo, kuma waɗannan tsibirai su ne ɗigon da ake nema. Wasu masana biyu, Stranski da Krastanov, sun yi bayanin irin wannan girma tun 1938. A 1994 rukunin Dieter Bimberg na Jami'ar Fasaha ta Berlin, tare da su Nikolai Ledentsov da Zhores Alferov na Cibiyar Ioffe da ke St. Petersburg, suka kunna leza da irin waɗannan tsibirai a sanyin ruwan naitirojin. A 1998 masu bincike a Jami'ar Texas da ke Austin suka kai ta ga tsawon zangon haske na maikiromita 1.3 a yanayin ɗaki, wanda shi ne ake buƙata a igiyoyin sadarwa. Ina faɗin waɗannan sunaye ne don adalci, domin tunanin ya fito daga Tokyo, amma hannaye da yawa ne suka tabbatar da shi.

Wannan dunƙulewa ita ce na yi shekarun karatuna ina kallo. Na'urar da muke shuka kiristal da ita babbar tukunyar ƙarfe ce da aka zuƙe iskar cikinta ƙaf, ana dafa sinadarai a ƙananan murhu su tashi su sauka a kan faifan galiyam asanaid da aka ɗumama zuwa wajen digiri 500. A gefenta akwai ɗan allo mai haske kore inda ilektaron da suka gogi fuskar faifan suke zana layuka. Muddin fuskar a shafe take, layukan dogaye ne a tsaye. Sai ka buɗe murfin indiyam ka zuba ido, can sai layukan su tsinke su koma ɗige-ɗige masu ƙyalli, a wannan lokacin ne biliyoyin tsibirai suka tsiro a kan kowane murabba'in santimita, kuma dole ka rufe murfin a kan kari, in ba haka ba su yi girman da zai ɓata su. Ranar da na fara ganin wannan sauyi da idona, tasbihi ne ya fito daga bakina.

Wahalar ita ce ɗigon ba sa fitowa daidai wa daida. Lissafin 1982 ya ɗauka duk girmansu ɗaya ne, a zahiri kuwa wani ya fi wani, kowanne kuma da launin haskensa, sai ƙarfin lezar ya rarrabu. Aikin digirina gaba ɗaya ya tafi ne a kan neman daidaita girmansu da jera su hawa-hawa ba tare da kiristal ɗin ya tsage ba.

Ina tsakiyar wannan aiki, a 2004, rukunin Arakawa da ɗakunan binciken kamfanin Fujitsu suka sanar da lezar ɗigo mai aika gigabit 10 a daƙiƙa guda, wadda haskenta bai sauya ba daga digiri 20 zuwa 70 ba tare da an taɓa wutar da ake ba ta ba. Shekara 22 ke nan bayan maƙalar farko. Abokan karatuna sun karɓi labarin a matsayin nasarar kimiyya, ni kuwa da na tashi a inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, na kuma san abin da ake kashewa wajen sanyaya na'urorin sadarwa da janareta, na ji shi a jikina fiye da su. A 2006 aka kafa kamfanin QD Laser ƙarƙashin jagorancin Mitsuru Sugawara don fitar da ita kasuwa, a 2011 kuma suka nuna wadda ke aiki a zafin digiri 220.

Akwai wata fa'idar da ta bayyana daga baya, wadda a ganina za ta fi ta farko tasiri. Tun da ilektaron a tsare yake cikin ɗigonsa, ba ya yawo balle ya faɗa cikin tsagar kiristal ya salwanta, shi ya sa ake iya shuka wannan leza kai tsaye a kan silikon, wanda ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi, duk da tsagogin da hakan ke haifarwa. Rukunin Huiyun Liu a Landan ya nuna haka a 2016, rukunin John Bowers a Santa Barbara ma ya yi nisa a kai, kuma manyan cibiyoyin ajiye bayanai suna sa rai da ita don rage wutar da suke sha. Arakawa ya karɓi lambar Kwalejin Masana ta Japan a 2017, a 2019 kuma ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta ba shi lambar Nishizawa tare da Bimberg da Pallab Bhattacharya.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan kawo yadda na kare kundin digirina, da shawarar da ta fi kowace wuya a rayuwata, ta komawa gida koyarwa a inda babu irin waccan na'ura.