Abin da leza mai kogon waje ta koya mini

Diyod ɗin leza in an bar shi shi kaɗai, mitar haskensa, wato yawan kaɗawarsa a daƙiƙa, yawo take yi, faɗin layinsa kuma, wato yadda mitar ta bazu, yakan kai gomman megahaz. Mu kuwa a ɗakin gwaji layin rubidiyam na nanomita 780 muke nema, wato hasken da sinadarin rubidiyam ke shanyewa, wanda faɗinsa kusan megahaz 6 ne kacal. Shi ya sa ake kafa wa diyod ɗin giretin a gaba, wato ɗan faranti mai tsage 1800 a kowace milimita, a tsarin Littrow: wani kaso na hasken ya koma cikin diyod, saura ya fita. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce kogon waje, ita ke matse layin ya koma ƙasa da megahaz 1.

Saiti da ido da hannu ake koyonsa. Za ka rage lantarki zuwa ƙasa kaɗan da inda diyod ke fara kamawa, ka riƙe katin ganin haske, ka riƙa murɗa sukurun da ke karkata giretin a hankali. Da zarar hasken da ya dawo ya faɗa daidai bakin diyod, sai ɗigon da ke kan katin ya yi wal. Ka sake rage lantarkin, ka sake nema. Wanda ya yi gaggawa a nan, duk yinin leza za ta yi ta yi masa tsalle daga wannan mita zuwa waccan.

Amma babban darasin na zafi ne, kuma a ganina ba a jaddada wa ɗalibai shi yadda ya kamata. Alminiyam ɗin da aka ɗora komai a kansa yana miƙewa da kashi 23 cikin miliyan a kowane digiri. A nanomita 780, wannan gocewa ce ta kusan gigahaz 9. Ke nan kashi ɗaya cikin dubu na digiri ya isa ya fitar da kai daga layin rubidiyam. Buɗe ƙofa, iskar na'urar sanyaya ɗaki, ko ɗumin hannunka kusa da akwatin, duk za ka gan su a allo.

Saboda haka na daina gaggawar kunna da'irar da ke kulle leza a kan layi. Sai na rufe akwatin ruf, na ba Peltier, wato na'urar da ke daidaita zafin, lokaci zafin ya tsaya cak, na haɗa motsin fiyezo, wato ɗan abin da ke gusa giretin da lantarki, da canjin lantarkin diyod don su tafi tare ba tsalle. In layukan rubidiyam sun zauna a allo ba su gusa ba, sannan nake kullewa.